Nana Asma'u, Kakar da Ta Rubuta Sunayen Ƙawayenta



Idan tsohuwa ta rasu a cikinmu, kowa ya san yadda abin yake gudana. A yi mata wanka da sutura, a sallace ta, a kai ta makwancinta. A shimfiɗa tabarmi kwana uku, maza a ƙofar gida, mata a ciki, wanda ya zo ya ce, "Allah ya jiƙan Iya, mutuniyar kirki ce." Ranar da aka naɗe tabarmin kuwa, labarinta ya kama hanyar bin ta. Bayan shekara goma jikoki sun san ta da Kaka ko Hajiya kawai. Bayan shekara talatin da wuya a sami mai iya faɗin garin da ta fito, ko sana'ar da ta riƙe gida da ita, ko sunan aminiyar da suka sha ɗaci da daɗi tare. Namiji yakan tsira daga wannan mantuwa, domin a ƙasar nan sunan mutum jere ne na maza huɗu: shi, da ubansa, da kakansa, da uban kakansa. Sunan mace ba shi da irin wannan turke.

A tarihinmu akwai wata kaka da ba ta yarda da haka ba. Ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara musu yarda. An fi sanin ta da malanta, kuma ta cancanci haka. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, mace ce mai aiki da hannunta, mai buɗaɗɗen hannu, mai riƙon ƙawance, wadda idan maƙwabciya ko ƙawa ta rasu takan ɗauki alƙalami ta rubuta wace ce ita da abin da ta yi wa jama'a. Saboda wannan ɗabi'a tata ne yau, bayan shekara fiye da 160, muke iya ambaton wasu mata waɗanda ba su riƙe sarauta ba, ba su kuma tara dukiya ba.

Yarinyar da ta tashi a kan hanya

An haifi Asma'u a Ɗegel, ƙasar Gobir, a 1793, daidai da shekara ta 1208 bayan Hijira. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Da an bi al'ada da Husaina za a sa mata, amma mahaifinta ya zaɓa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mahaifinta guzuri lokacin Hijira, har ta tsaga ɗamararta biyu ta ɗaure kayan. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, sai sauran matan Shehu suka rene ta. A gidan nan karatu bai keɓanta ga maza ba. Mata suna karantarwa, suna kwafar littattafai, suna kuma daka da niƙa da kaɗi, domin Shehu bai tara abin duniya ba.

Tana da shekara goma, a watan Fabrairu na 1804, jama'ar Shehu suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. Daga nan sai shekarun yaƙi da yunwa. An yi nasara a Tafkin Kwatto a tsakiyar shekarar, kafin ta ƙare kuma aka sha kashi a Tsuntsuwa, inda aka rasa mahaddata Alƙur'ani masu yawa. Jama'a suka yi ta tashi daga zango zuwa zango har suka zauna a Gwandu, ba a ci Alƙalawa ba sai 1808. Duk wannan ya faru a kan idon yarinyar. Ta ga yadda ake kafa murhu a inda ba gida, ta ga matan da aka kawo wa labarin mazansu, ta ga marayun da aka raba a tsakanin ɗakuna. Littattafan tarihi sun ƙidaya dawaki da tutoci. Ita kuwa daga bayan sansani ta kalli yaƙin, inda ake jinyar masu rauni da neman abin da za a zuba a tukunya.

Gidan Waziri

Wajen 1807 aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello. Da Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ya zama Wazirinsa. Gidan Waziri kuwa mashigar daula ce: manzannin sarakuna, malamai matafiya, masu ƙara, baƙi daga nesa, duk nan suke sauka. Wanda ya taɓa karɓar baƙi goma a gidansa ya san nauyin da ke kan uwargidan irin wannan gida. A cikin wannan hidima, da goyo da renon 'ya'yanta maza, Asma'u ta yi rubutunta.

Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma abin da ya iso gare mu na ayyukanta ya kai wajen sittin. Ta rubuta Tanbihul Gafilina a 1820, ba ta kai shekara talatin ba. A 1831 ta mayar da waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, daga Fulatanci zuwa Hausa, domin gargaɗin da ke ciki ga masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa ya isa kunnen talakawa. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani 114 a gajeriyar waƙa don mai koyo ya riƙe su. A 1837 ta fitar da Tawassuli ga Mata Masu Albarka, inda ta jero salihan mata tun daga iyalan gidan Annabi, ta bi ta kan irin su Rabi'atul Adawiyya, ta gangaro har zuwa matan jama'ar Shehu waɗanda ta sani ido da ido. Wannan jerin yana nuna yadda take kallon abin: a wurinta macen da ke koyar da yara a bayan katanga tana cikin silsila ɗaya da manyan waliyyai. A shekarar nan Bello ya rasu a Wurno, ita da mijinta suka duƙufa wajen tattara tarihin Shehu da na Bello da adana littattafansu, kada su salwanta.

Makarantar da kakanni suka ɗauka a ka

Yaƙi yakan ƙare, ya bar mata da ɗawainiyarsa. Ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno sun cika da zawarawa, da matan da aka kamo daga ƙasashen da aka ci, da waɗanda ba su taɓa zama gaban malami ba. Da yawansu Hausa kaɗai suke ji, idan ciwo ko baƙin ciki ya same su kuma bori suka sani. Matar aure mai goyo ba ta da halin barin ɗakinta ta yi tafiyar yini biyu neman karatu. Sai Asma'u ta duba ta ga akwai mata iri biyu da al'ada ta sake wa mara: 'yan matan da ba su kai aure ba, da dattijan da suka gama haihuwa. A kan waɗannan ta gina tsarin da aka sani da 'Yan Taru.

A kowane yanki takan zaɓi dattijuwa mai hankali da amana ta naɗa ta jaji, sunan da ta aro daga ayarin fatake. Takan ɗora mata malfa, ta naɗa jan rawani a kai. Wannan shiga kuwa ta Innar Gobir ce, shugabar mata da masu bori ta gidan sarauta. Duk macen ƙauye ta san girman malfar nan, sai Asma'u ta bar girman yadda yake, ta sauya abin da ke ƙarƙashinsa. Jaji takan tattaro mata ta jagorance su a ƙafa zuwa wurin Nana, su zauna kwanaki suna koyon tsarki da salla da tauhidi da zaman aure da haƙƙin maƙwabci, duk a cikin waƙoƙin da za a iya rerawa ana daka ko ana kaɗi. Su koma gida su koya wa matan auren da ba su sami zuwa ba.

Ku lura da wannan, 'yan'uwa: mafi girman aikin ilmantar da mata da aka yi a ƙasar Hausa a ƙarni na 19, ƙafafun kakanni ne suka ɗauke shi. Shekarun da wasu ke ganin mace ta gama amfani, sai dai ta zauna a bakin ƙofa tana korar kaji, su ne shekarun da Asma'u ta ga ta fi dacewa da riƙon amana.

Matan nan ba sa zuwa hannu rabbana. Kowace takan riƙo abin da guminta ya samar, hatsi ko zuma ko man shanu ko ɗan ƙyalle. Abin da ya shigo ta wannan ƙofa kuwa ta wata ƙofar yake fita, zuwa ga marasa lafiya da gajiyayyu da marayu. Mutanen Sakkwato suka riƙa kiran ta Uwar Gari, sunan da ba a naɗa mutum da shi, sai dai jama'a su ga hali su faɗa.

Waɗanda ta yi wa kuka

Marsiyya, wato waƙar makoki, tsohuwar al'ada ce a wurin malamai, kuma galibi sarakuna da shaihunai ake yi wa. Asma'u ma ta yi wa Bello, ta yi wa mijinta Giɗaɗo. Amma ta buɗe wannan ƙofa ga wasu da ba a saba shigar da su ba.

A 1844 maƙwabciyarta Halima ta rasu. Ba 'yar sarki ba ce, ba a kuma san ta da wani littafi ba. Asma'u ta rubuta alhininta, ta shaide ta da hankali da haƙuri, da girmama babba da yaro, da gyara tsakanin dangi idan zumunci ya fara tsagewa. A 1857 ta rubuta na Zaharatu, wadda ake bugawa ƙofa idan naƙuda ta kama mace, ake kuma aikawa a kira idan za a yi wa mamaciya wanka, ba ta taɓa nawa ba. Tana koya wa wanda bai sani ba, tana jin daɗin bayarwa. Duk wanda ya zauna a unguwar Hausawa ya san irin wannan mace: ita ce farkon wanda ya taɓa jikinka ranar da ka zo duniya, irinta ce kuma za ta rufe wa mahaifiyarka ido. Shekara guda bayan haka sai jajinta Hauwa'u ta rasu. Abin da Asma'u ta riƙe game da ita shi ne ƙafarta: kowane lokaci na shekara, ko ana ruwa ko ana zafi ko ana sanyi, tana bisa hanya da ayarin mata, tana tunatar da su gyaran niyya. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, ga kuwa wadda ta tabbatar. Da 'yar'uwarta Faɗima, matar Sarkin Yaƙi Aliyu Jeɗo, ta rasu, abin da Asma'u ta fi yabon ta da shi shi ne ciyarwa, na gida da baƙo duk ɗaya.

Rashin da ya fi girgiza ta shi ne na A'ishatu 'yar Umaru Alkammu, matar Bello, a 1855. Abota ce ta gado. Alkammu aminin Shehu ne tun farkon al'amari, Giɗaɗo aminin Bello ne, 'ya'yan matan biyu kuma suka tashi tare, suka yi hijira tare, suka tsufa tare. Asma'u ta haura shekara sittin lokacin da aka yi mata wannan rashi, kuma marsiyya ɗaya ba ta ishe ta ba, sai da ta yi biyu. Ta ambaci ibadar ƙawarta da karatunta na Alƙur'ani, ta ambaci yadda take tsaya wa wanda aka zalunta, take ɗaukar nauyin marayu da zawarawa. Ba ta kuma ɓoye hawayenta ba. Ita da ta san hukunci, ta bayyana cewa zubar da hawaye don tausayi da kewa ba laifi ba ne, kururuwa da ihu ne aka hana. Babbar malamar zamaninta ke nan, ba ta ji nauyin a san cewa rabuwa da ƙawa ta karya mata zuciya ba.

Idan aka jera waɗannan marsiyyoyi aka duba, za a ga mudun da take awo da shi. Ba ta ƙidaya wa kowa bayi ko shanu ba, ba ta tsaya kan kyau ko asali ba. Wa ta ciyar, wa ta koya wa, wa ta sulhunta, kiran wa ta amsa da tsakar dare: da waɗannan take auna mace. Irin aikin da ba ya barin alama ke nan, domin tuwon da aka ci ya wuce, rigimar da aka kashe kuma ba ta da kabari. In ba a rubuta ba, ya tafi tare da masu shi.

Jikoki biyu, hanya biyu

Asma'u ta rasu a 1864, shekara ta 1280 bayan Hijira, tana da shekara saba'in da 'yan kai, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru. Ta ga ɗanta Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa a wazirci, ta kuma ga rasuwarsa a 1859. Jikanta Muhammadu Buhari shi ne Waziri ranar 15 ga Maris 1903, ranar da sojojin Ingila suka ci Sakkwato.

A nan ne labarinta ya haɗu da namu. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya zaɓi hijira zuwa gabas, jikan Abubakar Atiku ne, Atiku kuwa ɗan'uwan Asma'u ne. A lissafin Hausa, 'yar'uwar kakanka kakarka ce. Waziri Buhari ya zauna tare da waɗanda suka zauna. Attahiru ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a, suka yi shekaru a hanya kafin su iso bakin Shuɗin Nilu, suka sauka a Shehu Talha, daga baya suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Ashe Nana kaka ce ga waɗanda suka zauna, kaka ce kuma ga waɗanda suka taho.

Takardunta suna wurin waɗanda suka zauna. An adana su a gafaka a gidan Waziri har suka iso hannun Waziri Junaidu ɗan Buhari, wanda ya rasu a 1997. Shi ya buɗe wa Jean Boyd, Baturiyar da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukan Nana a shekarar da ya rasu. Da gidan nan ya yi sakaci tsara ɗaya tak, da gara ta cinye Halima da Zaharatu da Hauwa'u.

Matan da suka biyo hanyar gabas

Ba dukanmu ne zuriyar hijirar Attahiru ba. Da yawa daga kakanninmu niyyar Hajji ce ta fito da su, daga Kano da Katsina da Haɗeja da Damagaram da Gobir, suka bi ta Borno da Wadai, suka shigo ta Jinena da Fashir da Ubayyid, suna nufin Sawakin su ƙetare zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru. A tsaya a yi noma damina guda, a sami guzuri, a ƙara gaba. A kowane zango mace ce ke kafa murhu, ita ke soya abin sayarwa a bakin kasuwar da ba ta jin harshenta, ita ke haihuwa a gindin itace, ita ke binne yaron da bai jure ba ta ɗaura zane ta bi ayari. Wasu sun isa Makka sun dawo, wasu guzuri ya ƙare musu a nan, zango ya zama gari.

Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, hannun mutanenmu na cikin waɗanda suka tsince ta. A ƙasar Gadarif an fara noman inji a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, sannan a 1968 aka kafa hukumar noman inji, Bankin Duniya ya ba da rancen da aka share dajin Simsim da shi. Sunan wurin ma riɗi yake nufi da Larabci. Tarakta tana iya yin huɗa da shuka a baƙar ƙasar nan, amma riɗi ba ya jiran kowa: in ya nuna, ko a yanke shi da hannu cikin 'yan kwanaki, a ɗaure a jingina, ko kwanso ya fashe ya zube. Saboda haka kowace kaka sai an nemi dubban hannaye, hannayen nan kuma ciki gare su.

Littafin hukuma ya san mai gona da yawan fadan ɗinsa, ya san buhun dawa da na riɗi da aka kai kasuwar Gadarif. Bai san matar da ta tashi kafin asuba ta dama godogodo ba, ko wadda ta soya ƙosai da waina ta aika yara da su bakin kambo, ko mai matsar man gyaɗa da ƙuliƙuli, ko mai saƙar faifai da tabarma, ko wadda ta yi tafiyar safiya guda zuwa hafiri don tulu ɗaya. Da kuɗin nan aka biya wa yara na allo, aka yi wa 'yan mata kayan ɗaki, aka rufa wa magidanta asiri a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. Da adashin mata, wanda maƙwabtanmu ke kira sanduƙ, tsofaffi da dama suka cika niyyar da ta fito da iyayensu daga ƙasar Hausa. Ƙawance kuwa a wurinsu ba na gaisuwa ba ne kawai. Wadda ta baro danginta a nisan wata da watanni, ƙawarta ce uwarta ranar haihuwa, ita ce mai riƙe mata biki, ita ce mai karɓar 'ya'yanta in ta riga ta tafiya. Kowace unguwa tamu ta yi Halimarta, ta yi Zaharatunta. Asma'u ce ba mu yi ba.

Abin da ya rage a hannunmu

A da ana iya cewa labari yana nan a bakin tsofaffi, duk ranar da aka so a je a ɗauka. Yanzu wannan zance ya daina tsayuwa. Rikicin Shuɗin Nilu na 2022 ya tashi iyalai da yawa daga gidajensu. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya watsa na Hartum da na Madani, da ya kai Sinja a 2024 kuma jama'a suka kwararo Gadarif da abin da kai zai iya ɗauka. Tsohuwar da aka ɗora a bayan babbar mota ta baro akwatinta da hotunanta da maƙwabtan da suka san ta tun tana amarya. Ƙawayen shekara hamsin sun rabu, ɗaya tana Kasala, ɗaya tana wani sansani, wata kuma an binne ta a garin da ba wanda ya san sunan mahaifinta. A wannan gudun ma, wa ya buɗe ƙofa ya ƙara ruwa a tukunya don baƙin da bai taɓa gani ba? Mun gani da idonmu a unguwanninmu, kuma mun san ko su wane ne.

Abin da Nana ta yi ba ya buƙatar mutum ya zama malami ko mawaƙi. Duk gidan da ke da tsohuwa, a sami ɗa ko jika ya zauna gabanta da takarda, ko da wayar hannu mai ɗaukar murya, da izininta. A rubuta cikakken sunanta da na mahaifinta da na mahaifiyarta. A rubuta garin da aka fito da zangunan da aka yi. A tambaye ta sana'arta, wa ya koya mata, me ta saya da ribar farko. A ƙidaya yaran da ta rena waɗanda ba ita ta haifa ba. A tambayi sunan ƙawarta, in kuwa ƙawar tana da rai a je gare ta, domin akwai alherin da mace ke ɓoye wa 'ya'yanta, ƙawa kaɗai ta san shi. Wadda ta riga ta rasu, a tara waɗanda suka san ta tun suna da sauran ƙarfi. Da ajami ne, da boko ne, da Larabci ne, duk wanda hannu ya fi sabawa da shi. A yi kwafi biyu, a ajiye a gidaje biyu, domin mun ga yadda gida ɗaya ke tashi a dare ɗaya.

Shafi guda ya isa. Abin da ya tsare Halima daga mantuwa bai fi 'yan baitoci ba, ga shi kuwa mu da muke Simsim, nesa da Sakkwato, mun san cewa ta kasance mai haƙuri, mai gyara tsakanin dangi.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u da A'ishatu da Halima da Zaharatu da Hauwa'u da Faɗima. Allah ya jiƙan kakanninmu da suka kwanta a hanya da waɗanda suka kwanta a ƙasar nan, ya sa aikin hannunsu a mizaninsu. Waɗanda ke raye Allah ya ƙara musu lafiya, ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.